Yayana da Ake Kira Ƙanin Guguwa

Yayana mai fenti ne. Da wannan sana'a na buɗe ido na gan shi, da ita kuma yake ciyar da iyalinsa har yau. Amma idan ka shigo unguwarmu ka ce kana neman mai fenti, sai an tambaye ka wanne. Ka ce Ƙanin Guguwa, kowa zai nuna maka shagonsa.

Mu biyu Umma ta haifa, shi ne babba. Babanmu ya rasu ina goye, sai ƙanin Umma, wanda muke kira Kawu, ya riƙa tafiya da Yaya wurin aikin fenti idan an tashi daga makaranta. Tsayi ya zo wa Yaya kamar ciwo. Wandon da aka ɗinka masa da rani, kafin damina ta faɗi ya koma ƙwauri. Kafinta ya gaji da zuwa ƙara wa gadonsa katako. Ƙofar ɗakinmu kuwa ta sha goshinsa har ya koyi sunkuyawa, ko a fili yake tafiya sai ka ga ya ɗan rusuna kamar mai neman gafara. Kawu ne ya fi kowa murna. Ya ce tunda Allah ya ba shi wannan yaro, ya huta da ɗaukar tsani a kafaɗa. Daga nan sunan ya bi shi, kowa Tsani, Tsani.

A bayan makarantarsu akwai filin ƙwallon kwando, siminti ne duk ya tsattsage, allon ƙarfe ya yi tsatsa, ragar ma wani lokaci babu. Wani tsohon malamin wasanni ne yake kula da wurin, ana ce masa Koci. Ranar da ya ga Yaya yana shafa wa katangar makarantar farin fenti ba tare da ya taka komai ba, har gida ya biyo shi.

Umma ta ce, "Malam, wannan ko kaza ba ya iya kora. Wace ƙwallo zai buga?"

Koci ya ce, "Ki ba ni shi da yamma kawai. In bai iya ba zan dawo miki da abinki."

Ni ɗinki na koya, ban san kan ƙwallo ba. Amma ni nake kai masa ruwa fili, kuma abin da na gani na gani. Yaya ba mai yawan jefawa ba ne. Sai ya tsaya da ƙwallon a saman kansa inda babu hannun da zai kai, ya dubi hagu, ya tura ta dama, sai ga ta a hannun wani da babu wanda ya lura da shi a ƙarƙashin kwando. Yaran da ba su taɓa cin ƙwallo ba duk sun zama gwanaye a gefensa. Idan sun ci, su ake yi wa tafi, shi kuma ya koma baya yana murmushi, yana goge fentin da ya maƙale masa a farce. Koci yakan ce da shi, "Kai idonka ne dukiyarka, tsayin nan gyara ne kawai aka yi maka."

Abin ya juya ne a wasan ƙarshe na gasar matasa, wanda aka watsa a rediyo. Ana dab da tashi, ƙwallo ta zo hannun Yaya, ya duba ko'ina duk an tsare abokansa. Da ya rasa wanda zai ba, sai ya yi tsalle ya cusa ta cikin kwando daga sama, har ya rataye a jikin ƙarfen don kada ya faɗo kan wani. Bai taɓa yin haka a wasa ba. Mai sharhin rediyo ya ƙwala ihu:

"Jama'a, Guguwa ya yi ƙani! Wallahi Guguwa ya yi ƙani!"

Guguwa a lokacin shi ne babban ɗan wasa a gasar ƙwararru, ƙato mai faɗin ƙirji, mai aske kai tas, wanda ke ture mutane kamar buhuna ya je ya girgiza kwando. Wani ya ɗauki hoton Yaya yana rataye, aka jera shi da na Guguwa, ya bi wayoyin mutane. Kafin mako ya zagayo babu mai cewa Tsani.

Shagon mai aski da ke bakin layinmu ya zama majalisa. Daga kan keken ɗinkina ina jiyo su, don katanga ɗaya ta raba mu.

"Tsayinsu ɗaya."

"Ina! Guguwa ya fi shi kafaɗa."

"Kafaɗa ai abinci ne. A ba yaron nan abinci ka ga aiki."

"Ni fa da Likita ya fi yi mini kama," in ji wani direban tasi. Likita wani tsohon ɗan wasa ne da ya yi suna wajen raba ƙwallo.

"Likitan me? Wa yake sayen rigar Likita? Kai dai ba ka son yaro ya ci gaba."

Har da masu zuwa da awon tela, su aro nawa, su tsayar da Yaya a jikin bango suna auna hannunsa daga yatsa zuwa yatsa. Shi kuma ya tsaya musu yana dariya, don bai iya cewa a'a ba. Da aka tambayi Koci wanne Yaya ya fi kama a cikin biyun, ya ce bai ga kama ba ko kaɗan, yaron kansa ya kama. Aka ce tsufa ya fara taɓa Koci.

A duk shekara manyan kulob-kulob suna zama su zaɓi sababbin 'yan wasa. Bi da bi ake yi, kowane kulob ya kira sunan yaron da yake so, ana nunawa a talabijin. Wanda aka kira ya haye, wanda ba a kira ba ya koma inda ya fito. Saboda wannan zaɓe ne wani dillalin 'yan wasa ya zo gidanmu, da ƙamshin turarensa da wayoyinsa biyu. Ya zauna a kujerar da Umma ta fi ji da ita, ya ce yana da sansanin horo a babban birni, kuma a shekara ɗaya zai mayar da Yaya abin da duniya take jira.

"Umma, kulob-kulob ba yaro suke saye ba, suna suke saye," ya ce. "An riga an ba ɗanki suna kyauta. Saura ya cika shi."

Koci ya zo daga baya ya ce a bari yaron ya ƙara shekara a hannunsa, ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Kawu ya ce shi dai bai san wanda zai riƙa shafa masa silin ba. Umma ta dubi Yaya ta ce, "Kai me ka gani?"

Ya ce, "Umma, kowa ya ce in tafi."

"Ban tambaye ka kowa ba."

Ya sunkuyar da kai yana kallon hannunsa. Washegari ya ce zai tafi.

Wanda ya dawo mana hutu bayan 'yan watanni, da ƙyar na gane shi. Ya yi ƙiba, wuya ya cika, kai a aske tas, ga wani ƙyalle ɗaure a goshi. Tafiyarsa ma ta canja, yana buɗe hannuwa kamar mai ƙurji a hammata. Fuska a ɗaure tamau.

Umma ta ce, "Wa ya ɓata maka rai a hanya?"

"Babu kowa, Umma. Haka aka ce in riƙa yi."

"To a gidan nan ka kwance ta, ba ma saye."

Ya yi dariya, sai ga Yayana ya dawo na ɗan lokaci. Ya ba mu labarin sansanin. Da safe ɗaga ƙarfe, da rana a zaunar da shi gaban talabijin yana kallon wasannin Guguwa, da yamma ya yi ta tsalle yana cusa ƙwallo har sai ƙafa ta ƙi. Idan ya miƙa wa wani ƙwallo, mai horarwar ya hura usur ya ce, "Guguwa yana bayarwa ne? Kai ɗan aike ne?" Abinci kuwa sai ya ci har ya ji amai, a ce ya ƙara.

Na lura idan zai tashi daga kujera sai ya dafa gwiwa. Wata rana da hantsi na shiga ɗakinsa ɗaukar tsintsiya, na same shi ya naɗe gwiwar dama da tawul mai ruwan sanyi, ta kumbura kamar ƙwarya.

Ya ce, "Auta, kada ki gaya wa Umma."

"Ka gaya wa mutanen can?"

"In na faɗa cire ni za su yi. Akwai masu jiran gadona."

Na gaya wa Umma duk da haka. Ta yi masa magana, ya ce gajiya ce, ya koma.

Ya je gwajin da ake yi gaban wakilan kulob-kulob kafin zaɓe. Koci ya hau mota ya bi shi don ya gani. Da ya dawo ya wuce ta ƙofar shagona, na tare shi da tambaya. Ya ce, "Ya yi ƙoƙari." Na matsa masa. Sai ya ce, "'Yata, wuni guda ina zaune, ban ga ya ba kowa ƙwallo ba. Yana ta kai ƙirji cikin ƙatti, suna mayar da shi. Wani daga cikin wakilan ya tambaye ni ina dogon nan mai ido da aka ba su labari. Na ce ga shi can. Ya ce a'a, ba wannan ba."

Ranar zaɓen, mai aski ya fito da talabijin ɗinsa waje, aka jera benci har bakin titi. Da la'asar aka fara. Yaya yana zaune a gaba cikin rigar da na ɗinka masa, mai dogon hannu, wadda na sha wahalar samun yadin da zai ishe ta. Umma ta ƙi fitowa, tana ɗaki da rediyo a cinya. Duk sunan da aka kira sai mutane su ce, "Na gaba ne, na gaba ne." Aka gama zagaye na farko. Mai aski ya ce manyan ai a na biyu ake ɓoye su. A tsakiyar na biyu masu benci na baya suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tuna da aike, wancan ya ce ana kiransa a waya. Da aka kira sunan ƙarshe, mutanen da suka rage ba su cika benci biyu ba.

Sai ga mai sharhin nan na rediyo a talabijin, an gayyato shi ya yi bayani. Aka tambaye shi labarin Ƙanin Guguwa. Ya gyara zama ya ce, gaskiya yaron ba shi da ƙarfin Guguwa, ba shi kuma da idon Likita, ya tsaya a tsakiya ne. Amma akwai wani yaro da ya gani a wata makaranta, wannan kam Guguwa ne sak, a jira shi baɗi.

Yaya ya tashi, ya taya mai aski mayar da talabijin ciki, ya kwashe bencin ya jingine su. Ya shigo gida ya durƙusa a ƙofar ɗakin Umma da ƙyar.

"Umma, ba a kira ni ba."

"Na ji. Tashi ka ci abinci."

Dillali ya ce a yi haƙuri, akwai wata hanya. Daga baya wayoyinsa duka biyun suka daina shiga. Yaya ya samu wani ƙaramin kulob na kamfanin siminti ya buga musu kaka biyu. Ko a can, 'yan kallo ba abin da suke so sai ya girgiza kwando. Idan ya raba ƙwallo sai ka ji, "Guguwa, yi da kanka mana!" Ya yi ta yi musu har ranar da ya sauko a kan ƙafar dama, gwiwar ta yi ƙara, aka fitar da shi a kan katako. Bai sake buga wasa ba.

Da ya dawo gida, Kawu ya zo ya same shi. Ya miƙo masa buroshi da bokiti kawai, ya ce akwai aiki a wani sabon gini. Haka ya koma. Ƙibar da aka ɗora masa ba ta sauka ba, gwiwa kuma ba ta ɗaukarta. Ga masu gida da surutu. Da sun gane shi sai su kira 'ya'yansu: "Ku zo ku ga Ƙanin Guguwa! Da yanzu yana talabijin." Wani ma sai ya ce ya ɗan yi tsalle ya taɓa silin yara su gani. Yaya ya ce ai ba sai ya yi tsalle ba, ya miƙa hannu ya taɓa, a yi dariya, ya ci gaba da aikinsa.

Ya auri wata malamar makarantar yara, mace mai haƙuri da ba ta taɓa kallon ƙwallon kwando ba, ina jin abin da ya fi so a wurinta ke nan. Suka haifi 'ya'ya uku. Koci ya rasu, Yaya ne ya shafe gidan da fenti kafin iyalinsa su tashi. Filin bayan makaranta aka mayar da shi wurin ajiye motoci. Umma ma ta bi bayan Koci ba da jimawa ba. A jinyarta ta ƙarshe ta taɓa ce mini, "Yaron nan da na hana shi tafiya, da ya ji haushina shekara ɗaya ya huce." Na ce mata ai ba ta san gaibu ba. Ta ce ta sani, amma uwa ce ita.

Da gwiwar hagu ta bi sahun ta dama, na matsa masa muka tafi babban birni ganin likitan ƙashi. Asibitin yana da wani dogon baranda mai bencin ƙarfe, mutane jere da sanduna da kekunan guragu. Muka samu wuri kusa da wani ƙaton mutum mai furfura a gemu, ya miƙe ƙafa ɗaya, sandunansa biyu a jingine. Rigarsa ta sha wanki har ta koɗe. Yaya ya dube shi sau ɗaya, na ji jikinsa ya sandare a gefena.

Mutumin ne ya fara magana. Ya dubi ƙafafun Yaya ya ce, "Kai ma ka buga, ko?"

"Kaɗan, ranka ya daɗe."

"Kaɗan ba ta yi wa gwiwa haka."

Sai a lokacin na gane shi, Guguwa ne. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Ai shi ne aka riƙa ce wa ƙaninka."

Guguwa ya yi dariya har ya yi tari. "Wanne daga ciki? Baiwar Allah, kowace shekara sai an haifa mini ƙani. Mahaifiyata ta rasu ba ta san tana da 'ya'ya haka ba." Ya dubi Yaya da kyau, yana son ya tuna, bai tuna ba. "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Wace shekara ce taka?"

Yaya ya faɗa masa. Guguwa ya gyaɗa kai kawai.

Na zaci za su yi hirar ƙwallo. Ko kusa. Guguwa ya tambaye shi wane magani yake shafawa, Yaya ya faɗa, Guguwa ya ce wannan ruwa ne, ya gwada wani. Suka koma kan yadda ake kwanciya da matashi a tsakanin ƙafafu, da yadda sanyin safiya yake shiga ƙashi, da wahalar hawa motar haya. Da aka kira Guguwa, ya yunƙura ya kasa. Yaya ya miƙe da tasa lalatacciyar gwiwar, ya sa hannu a hammatarsa ya ɗaga shi. Suka tsaya ƙirji da ƙirji suna haki, kowa na riƙe da kowa, har ma'aikaciyar jinya ta miƙo sandunan.

Likitan asibitin ya duba hoton ƙashin Yaya ya ce gwiwoyin nan na ɗan shekara saba'in ne, alhali bai kai hamsin ba. Ya ce ko an yi aiki, tsayuwar wuni a kan ƙafa ta ƙare masa.

A mota muna dawowa, ya miƙe ƙafafunsa a tsakanin kujeru, ya daɗe yana kallon waje. Can ya ce, "Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ashe na fi shi tsayi."

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Ba a yi aikin ba har yanzu. Kullum sai ya ce bayan yara sun gama makaranta. Da Kawu ya tsufa ya bar masa shagon, sai ya daina fita aiki, ya koma sayar da fenti da haɗa launi. Yana zaune daga safe zuwa yamma a kan wata kujera da aka ƙara wa ƙafafu, ƙafarsa ɗaya a kan gwangwanin da ya ƙare. Warin fenti ya kama masa ƙirji, yana yawan tari. Matarsa ce take kawo masa abincin rana idan ta taso daga makaranta, ta zauna har sai ya sha maganinsa a gabanta, don in ta juya baya ba ya sha.

Jiya da safe na biya ta wurinsa kafin in buɗe shagona. Na tarar yana fama da murfin wani gwangwani. Na karɓa na buɗe masa. Ya ce daren jiya ƙafar ba ta bar shi ya runtsa ba, kuma babbar 'yarsa tana son ta bar karatu ta zo ta taya shi zaman shago, ya ce mata bai yarda ba.

"Ki yi mata magana, Auta. Ta fi jin taki."

Na ce zan yi. Sai ga wata mata ta tsaya a bakin ƙofa da ɗan guntun yadi a hannu, tana tambaya ko za a iya haɗa mata shuɗi irin wannan. Yaya ya karɓi yadin ya kai shi wajen haske, ya jujjuya shi.

Ya ce, "Ɗaki za ki shafa ko waje?"

Na bar su suna magana na wuce wurin aikina.